Bangon da ke jiƙewa da kuɗin da aka yanka mini

Bangon ɗakin kwanana, wanda ya yi baya da banɗaki, shi ya fara ba da alama. Fenti ya kumbura daga ƙasa, ya riƙa ɓarewa yana zubo da wani farin gari, wanda daga baya aka ce mini gishirin cikin siminti ne ruwa ke fitowa da shi. Ban san komai a aikin famfo ba, don haka na shiga cigiyar mai gyara.

Lambar waya ba ta yi wuyar samu ba, kowa na da mutuminsa. Sai dai na lura yawancin masu yabon, aikin da aka yi musu bai wuce 'yan watanni ba, alhali aikin ruwa ba ya nuna halinsa sai ya kwana biyu. Sai na sauya tambaya: wa aka yi wa gyaran banɗaki shekara 2 ko 3 da suka wuce, kuma har yau bai sake kiran kowa ba? Nan take sunayen suka ragu. Na kuma tuntuɓi wani mai ɗaura tayil da ya taɓa yi mini aiki, na ce ya faɗa mini mai famfon da bai taɓa sa shi dawowa ya fasa tayil ɗinsa ba. Ya yi dariya, ya ba ni suna ɗaya tak. Masu sana'a sun san junansu fiye da yadda mu masu gida za mu taɓa sanin su, domin ɓarnar wani a hannun wani take faɗawa.

Wanda ya yanka mini kuɗi ta waya bai ga bangon ba, ban sake kiransa ba. Haka wanda ya ce farashinsa na yau ne kaɗai, in na kai gobe ya tashi. Cikin waɗanda suka zo, wani matashi ya leƙa, ya ƙwanƙwasa bangon da makulli, ya ce a kankare filasta a sake, a shafa fenti mai hana ruwa, shi ke nan. Kuɗinsa ya yi mini daɗi ƙwarai. Wani kuma ya ce sai an fasa banɗakin gaba ɗaya, ya faɗi jimla guda a baki, ba takarda ba bayani.

Dattijon da mai tayil ya turo ni wurinsa bai yi maganar kuɗi ba ranar farko. Ya sa aka rufe duk famfunan gidan, ya karanta mitar ruwa, ya rubuta lambar a bayan hannunsa, muka zauna muna hira. Da muka koma, lambar ta motsa. Ya ce, "Maigida, ba wanda ya buɗe ruwa amma ruwa na tafiya. To bututun da ke kawo ruwa ne ya huje a cikin bango. Da mitar ba ta motsa ba, sai mu zargi magudana ko daɓen." Gidan da ba mita, in ji shi, sai a cika tanki, a yi alama, a duba da safe. Ya cire kan famfo ɗaya ya nuna mini bakin bututun: tsohon na ƙarfe ne, tsatsa ta ci shi daga ciki har ramin ya tsuke.

Washegari ya aiko da lissafinsa, ya kusa ninka na matashin sau uku. Raina ya sosu, har na fara tunanin ko ya ga alamar ban san kan abin ba ne. Amma a rubuce yake, don haka na ajiye shi kusa da na matashin ina bi layi-layi. A nan na gane ba farashin aiki ɗaya nake kwatantawa ba, ayyuka biyu ne daban. Na dattijon ya ƙunshi cire bututun ƙarfe a sa na roba irin PPR da ake haɗawa da zafi, gwada bututun da matsin ruwa kafin a rufe, shafa maganin hana ruwa a daɓe da ƙasan bango, sabon tayil da ƙarin kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, da kwashe ɓaraguzai. Na matashin bai taɓa bututun ba ko kaɗan. Da shi na ɗauka, ruwan zai ci gaba da tsiyaya a bayan sabon fenti har ya nemi wata mafita. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce: mai cewa a fasa komai ya fi kowa tsada, kuma da na nemi ya rarrabe mini kuɗin kaya da kuɗin aiki, sai ya ce ai shi ba ya aiki da takarda.

Ciniki na yi, amma ban taɓa kuɗin hannunsa ba. Wanda ka matse a ladan guminsa zai fanshe a inda ba ka gani, a rage siminti ko a tsallake gwaji. Abin da na ce shi ne, "Baba, kuɗina bai kai nan ba. Me za mu iya bari, me ba ya baruwa?" Ya ɗauki biro. Masai da abin wanke hannu lafiyarsu ƙalau, a cire su a hankali a mayar. Tayil ba sai an fasa har sama ba, layukan ƙasa da hanyar bututu kawai, in na yarda launin ya ɗan bambanta da tsohon. Ɓaraguzai na ce ni zan nemi mai kwashewa. Maganin hana ruwa da gwaji kuwa ya ce ko zan kore shi ba zai cire ba. Wannan taurin kan ne ya sa na ƙara yarda da shi.

Na so in sayo kayan da kaina, sai ya ja hankalina: in kayan da na sayo suka ba da matsala, wuyana ne, ba nasa ba. Muka daidaita a kan mu je tare, shi ya zaɓa, ni na biya na karɓi rasit.

Biyan kuɗin aiki muka kasa shi. Kafin alƙalami kaɗan ranar farawa, kaso na biyu bayan an gwada bututu, na uku bayan tayil, sannan na riƙe kashi 10 cikin 100 sai an zauna da aikin an ga ba yoyo. Duk mun rubuta, har da sharaɗin cewa duk abin da aka tarar bayan an fasa, ba za a taɓa ba sai an nuna mini an faɗi kuɗinsa. Sharaɗin ya yi amfani, don da aka buɗe sai ga ƙasan katakon ƙofa ya ruɓe. Na riga na ware ɗan abin ko-ta-kwana, domin bango sai an buɗe shi ake sanin abin da ya ɓoye.

Kafin a rufe bututun na ɗauki hotunansu da waya, da abin awo a jiki, don kada wata rana mai kafa ƙusa ya huda. Bayan an shafa maganin daɓe ya bushe, sai dattijon ya toshe magudana, ya tara ruwa a ƙasa, aka bar shi awa 24, muka zagaya ɗakin kwana muka duba. Sai bayan nan mai tayil ya shigo.

Fenti ne ya fi cin haƙurina. Na ƙosa in ga ɗakin ya koma daidai, amma dattijon ya ce bangon da ya daɗe yana shan ruwa sai an ba shi makonni ya bushe, sabuwar filastar ma siminti ne, sai wajen kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Muka jira da gado a tsakiyar ɗaki. Mai fentin ma ta bakin dattijon na samu, kuma ranar da ya zo, kafin ya buɗe baki ya faɗi jimla, na miƙa masa takarda da biro na ce ya rubuta mini gwangwani nawa, shafi nawa, da kuɗin hannunsa daban.