Yau Rayyanah Barnawi ta isa tashar sararin samaniya

Litinin, 22 ga Mayu, 2023

Jiya ban kwanta da wuri ba. Ƙarfe goma da rabi na dare ta ɗan gota lokacin da rokar kamfanin SpaceX ta tashi daga jihar Florida ta Amurka, ni kuwa ina tsakar gida saboda zafi, waya a hannu, ina ta fatan kar data ta yanke. Mutum huɗu ne a kumbon: Peggy Whitson ce shugaba, sai John Shoffner, sai 'yan Saudiyya biyu, Ali Alqarni da Rayyanah Barnawi. Rayyanah ce ta hana ni barci.

Yau bayan azahar, ƙarfe biyu da 'yan mintoci, kumbon ya manne da tashar. Na zaci abin zai zo da gudu. Ashe a hankali yake matsowa, kamar mai ajiye ƙwarya cike da nono, alhali shi da tashar suna tafiyar kusan kilomita 28,000 a awa guda, a nisan kilomita 400 daga ƙasa. Sai wajen la'asar aka buɗe ƙofa. Daidai nan 'yata ta dawo daga makaranta, ko takalmi ba ta cire ba ta zauna gefena. Muka ga Sultan Al Neyadi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wanda ya riga su zuwa tun watan Maris, yana cikin masu tarbarsu. Yanzu su goma sha ɗaya ne a can.

Hajiya tana kan tabarma tana jan carbi, ta ce, "Yaya sunan 'yar Saudiyyar nan?" Na faɗa mata. Ta ce ai Barnawi a Makka da Jidda sunan zuriyar mutanen Borno ne da suka je aikin hajji suka zauna, kamar yadda ake ce wa namu Hausawi. Sai ta tambaya ina alƙibla ga mutumin da rana ke fito masa sau goma sha shida a yini. Na ce malaman Malesiya sun zauna kan wannan saboda ɗan ƙasarsu da ya je a 2007. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da carbinta.

Kwana takwas kacal za su yi. Da na ji haka sai da na ɗan ji ba daɗi, amma Rayyanah ba yawon buɗe ido ta je ba. Ta yi shekaru tana bincike kan cutar daji ta mama, kuma gwajin ƙwayoyin halitta za ta yi a can. Wannan cutar ce ta ɗauke mini yayata, shi ya sa na kasa ɗauke ido daga fuskarta.

Da dare 'yata, wadda satin jiya take cewa za ta bar ajin kimiyya, ta shigo ɗakina da littafinta. "Umma, me ya sa ba su faɗowa?" Muka ɗaura dutse a igiya, muka fita tsakar gida muna wulwula shi.