Iri ma numfashi yake yi

Aikin rainon shuke-shuke ya koya mini cewa yawancin irin da ake cewa ya mutu, da ransa aka binne shi, ruwa ne ya shaƙe shi.

Ƙwayar iri abu ce mai rai da ke barci, tana jiran ruwa da iska da ɗumin da ya dace. Maganar ruwa kowa ya sani. Masara sai ta sha kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinta kafin ta motsa, waken suya kuwa kusan rabin nauyinsa. Iskar ce ake mantawa da ita. Da zarar ƙwaya ta kumbura sai ta fara ƙona abincin da ke ajiye a cikinta, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da oksijin, wato iskar nan da mu ma muke numfashi da ita. Idan ƙasa ta cika da ruwa fal, 'yan ƙofofin da iska ke zama a cikinsu sun toshe ke nan. Tono ƙwayar ka gani: ta yi luguɓ, bawon yana saɓulewa a yatsa, ga wani warin tsami. Mai shuka ya ga shiru, sai ya ƙara ban ruwa, wai ko ƙishirwa ce!

Zurfin shuka ma nan ya nufa. Kafin ganye ya buɗe ya samu rana, tsiro da guzurin cikin ƙwaya kaɗai yake tafiya. A binne shi da nisa, guzurin ya ƙare a hanya. Shi ya sa ake cewa zurfin rami kada ya wuce ninki biyu zuwa uku na kaurin ƙwayar. A wannan lokaci taki ba ya tsinana masa komai, hasali ma idan takin zamani ya taɓa ƙwaya, gishirinsa yakan janye ruwan jikinta ya ƙone saiwar.

Zafi kuwa kowane iri da nasa. Masara ba ta tsiro da kyau idan ɗumin ƙasa ya gaza digiri 10, latas kuma yakan ƙi fitowa idan zafi ya haura 30. Latas ɗin nan rigimamme ne, wasu nau'o'insa har haske suke so. A 1952 masana a Amurka, Borthwick da Hendricks da abokan aikinsu, suka nuna jan haske yana tashin ƙwayarsa, wani jan hasken mai duhu, wanda da ƙyar ido yake ganinsa, kuma yana mayar da ita barci. Irin wannan a saman ƙasa ake barbaɗa shi, a ɗan danna.

Akwai kuma masu taurin bawo, kamar bagaruwa da gawo, da ruwa ba ya ratsa su. Sai an kankare bawon ko an jiƙa su a ruwan zafi. A daji, cikin dabbar da ta ci 'ya'yan ne ke yin wannan aiki.

Yanzu kafin in ɗora wa kowane iri laifi, nakan ƙirga ƙwaya 100, in naɗe su a ɗanyen tsumma da aka matse, in ajiye a wuri mai ɗumi. Bayan mako guda in buɗe in ƙirga. Idan 90 sun fito a tsumma amma a ƙasa shiru, to kwandon ban ruwa da zurfin rami zan fara bincika.