Talata a kan tsani

Yatsuna har yanzu ba su gama sakewa ba, da ƙyar nake danna wayar nan. Amma na san halina, in ban rubuta yau ba shi ke nan ta wuce.

Ina sallame Asuba na fito. Jirgin ƙasa na D na shiga daga Bronx har tashar 79th Street a Brooklyn, duk a nan New York, tafiyar fiye da awa ɗaya. Barci ya kwashe ni tun kafin mu bar Bronx, sai a kan gadar Manhattan na farka da haske ya faso ta taga. Motar maigida na jira a ƙarƙashin tasha, tsani biyu ɗaure a samanta. Mu uku ne yau, ni da shi da abokin aikina ɗan Ekwado, wanda ya fi ni daɗewa a harkar nesa ba kusa ba.

Jibi Alhamis ne bikin godiyar Amurkawa, Thanksgiving, kuma kowa so yake a ce gidansa ya haskaka da fitilun ado kafin baƙi su zo cin talotalo. Tun watan Oktoba muke hawa rufin mutane muna sa musu fitilun Kirsimeti, amma wannan makon shi ne makon hauka. A unguwar Dyker Heights ta Brooklyn kuwa abin ya wuce ado, ya zama gasa. Tsakanin 11th Avenue da 13th Avenue, daga layi na 83 zuwa na 86, in Disamba ta shiga motocin 'yan yawon buɗe ido ne ke sauke mutane don kallon fitilun Kirsimeti kawai. Wanda bai sa ba a layin, shi ake kallo.

Gidan farko ba wani labari. Mun yi masa bara, wayoyinsa na cikin kwali da lambar gidan a jiki, kowace an yanka ta daidai da tsawon inda za ta zauna. Awa biyu muka gama.

Gida na biyu ne ya cinye mana yini. Sabuwar mai ciniki ce, wata tsohuwa 'yar asalin Italiya, gida hawa biyu na jan bulo da itace ɗaya a ƙofa. Tunda sabo ne, sai an auna komai daga farko. Yadda muke yi, waya tana zuwa a naɗe a babban kwarkwaro, kowane inci 12 akwai gurbin ƙwai. A auna bakin rufi, a yanka, a murɗa ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya tun a ƙasa, kowane a sa masa maƙalin roba da zai ciji bakin indararo ko ya shige ƙarƙashin fallen rufi. Ba ƙusa, ba huda. Filogin ma a wurin muke haɗa shi, yana da haƙora biyu da ke huda robar wayar in an zura murfinsa. Manyan ƙwayayen nan masu ɗan tsini a kai, C9 ake ce musu, su ke bin rufi. Ƙananan kuma na naɗe itace ne, kuma aikin da na fi tsana ke nan, don sai ka yi ta zagaya reshe kamar mai ɗaurin karaya, tazarar yatsu huɗu tsakanin kowane zagaye, in ka yi ha'inci da dare asirinka zai tonu.

Na shekara goma sha ina wayarin a Kano kafin in zo ƙasar nan, na ɗauka ba abin da za a koya mini. Wutar ma tasu volt 120 ce, kusan rabin tamu. Ashe ba waya ce sana'ar ba, tsani ne. Ranar farko maigida bai bar ni na taɓa ƙwai ba sai da na iya kafa tsani: duk ƙafa huɗu na tsayi, gindinsa ya ja baya ƙafa ɗaya, kansa kuma ya zarce bakin rufi da ƙafa uku. A gida wa ya taɓa auna wannan? Ka jingina na katako, yaro ya danne da ƙafa, ka ce bismillah. Yanzu na gane kuɗin da mutanen nan ke biya, yawancinsa na kada su hau tsanin da kansu ne.

Muna cikin awo sai ga tsohuwar ta fito da wani kwali da ya sha salatef, ta dire a gabanmu. Fitilun mijinta ne. Shi ke hawa da kansa duk shekara, ya rasu a farkon bazara. Ta ce su take so a sa.

Na buɗe. Tsofaffin ƙwayaye ne na gilas masu zare a ciki, fentin wasu ya fara ɓarewa, igiya huɗu, kowace ƙwai 25. Ya naɗe su a jikin katako tsaf, ya rubuta da fensir inda kowace ke zuwa: ƙofa, taga hagu, taga dama, gareji. Daga ganin naɗin ka san mutumin ba ya wasa da kayansa.

Maigida ya ce a'a. Dokarsa ce, ba ya sa kayan mai gida, don in wuta ta tashi shi za a kama. Kuma yana da gaskiya. Irin waɗannan kowane ƙwai wat 7 yake ci, ɗari ɗin nan wat 700 ke nan, alhali namu na LED ɗaya bai kai wat ɗaya ba. Layin soket ɗin waje amfiya 15 ne, wat 1,800 iyakarsa, ba a kuma son a kai shi maƙura. Ga zafi, ka taɓa tsohon ƙwai bayan minti goma ka ji yadda yake ƙuna. Ya yi mata bayani da lallashi, har ya jawo labarin da yake ba kowane sabon mai ciniki, na Edward Johnson abokin aikin Thomas Edison, wanda a 1882 ya fara rataya ƙwan lantarki 80, ja da fari da shuɗi, a itacen Kirsimeti a gidansa nan New York. Na ji labarin nan ya fi sau ashirin. Ita ko kallonsa ba ta yi ba, hannunta na kan kwalin.

Ni na sa baki, abin da ban saba ba. Na ce a bar ni in duba igiya ɗaya, wadda aka rubuta wa ƙofa. Na bi ta da yatsa inci-inci. Uku daga cikin huɗun robarsu ta bushe ta tsage, amma ta ƙofar lafiya lau, da alama ita ya saya daga baya. Wat 175 ne kacal, kuma ƙofar na ƙarƙashin rumfa, ruwa ba ya kaiwa. Maigida ya harare ni, ya ce in na sa ta, ba a cikin aikinsa take ba, shi bai gani ba. Ya juya ya tafi ɗauko abu a mota, ya daɗe bai dawo ba. Ƙananan ƙugiyoyin da marigayin ya kafa suna nan a jikin katakon ƙofar, an yi musu fenti har sau nawa. Bin su kawai na yi.

Azahar da La'asar a bayan gareji na yi su a kan kwali, ɗaya na bin ɗaya kusa-kusa, don ranar hunturun nan ba ta da tsawo. Wani a masallacinmu ya taɓa tare ni da maganar ko ya dace Musulmi ya yi wannan aiki. Na ce masa a Sabon Gari ma na yi wa coci wayarin, ban ji na bar addinina ba, amma ya tambaya mana malamai. Bai dawo da amsa ba har yau. Da na sallame na tarar tsohuwar ta ajiye mini kofi da biskit a kan matakala, ta kuma ce wa abokin aikina ya gaya mini ba alade a ciki. Biskit fa.

Ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi. Muka jona komai a na'urar da ke kunna fitilu da kanta in duhu ya yi, muka koma tsallaken titi, don daga can ake ganin ƙwan da ya karkace. Ya kama. Rufin ya fito da layinsa fari mai ɗan ja-ja, miƙe kamar an ja da zare. Ba a yi minti biyu ba, ɗif.

Gabana ya faɗi, don na san inda idon maigida zai fara zuwa. Kai tsaye ya nufi ƙofa ya zare igiyar marigayin, ya danna maɓallin soket. Soket ɗin waje a nan irin mai tsaro ne, GFCI, in ya ji wuta na zirarewa ko da miliamfiya biyar ce sai ya yanke. Ya kama, ya sake ɗaukewa. Ke nan ba tsohuwar igiya ba ce. Na ji sanyi a raina na daƙiƙa guda, kafin in tuna wutsiyar wayar da na yanka a kusurwar dama ta rufi. Na ce zan rufe bakinta in na sauko da murfi, sai maganar kwali ta shiga tsakani. Tana can kwance cikin indararo, a cikin ruɓaɓɓen ganye da ruwan jiya.

Ban jira ya gano ba, na ce laifina ne. Ya faɗi wata kalma da ba zan rubuta ba, ya miƙo mini fitilar goshi. Hawa tsani mai ƙafa 28 da duhu, iska na kaɗawa, safar hannu a jiƙe, ba abin da zan yi wa maƙiyina fata ba ne. Abokin aikina ya riƙe gindin yana ta yi mini magana da Sifaniyanci, ban san me yake cewa ba amma muryar ta taimaka. Na zaro wayar, na goge, na sa murfi, na ɗaga ta sama da maƙali.

Da aka sake kunnawa, maigida da hannunsa ya mayar da igiyar ƙofar. Haskenta daban yake da namu, ja da kore da ruwan lemo, mai laushi, wani wurin da fenti ya ɓare farin na leƙowa. Tsohuwar ta fito ba riga mai nauyi, ta tsaya ta ɗora tafin hannu kusa da wani jan ƙwai tana jin ɗuminsa. Muka kwashe kayanmu shiru.

A jirgi na tura wa ƙanena hoton, shi ke riƙe da shagona yanzu. Sha ɗaya ta wuce a Kano amma ya amsa nan take: “Yaya, mita ɗaya ke jan duk wannan?” Na ce masa gidan gaba ɗaya bai ci wutar dutsen guga ɗaya ba. Ya ce in daina zolayarsa, kuma Inna na tambaya ko ina sa hular sanyin da ta aiko.

Magariba da Isha sai a gida na haɗa. Safar hannun na kan hita tana bushewa. Gobe gida huɗu ne, ɗaya mai itace uku.