Tarihin Robert De Niro, kashi na 5: Shekara huɗu yana jiran kuku guda

A makon jiya mun tsaya a 1989, lokacin da De Niro, tauraron fim ɗan Amurka, ya buɗe cibiyar harkar fim a wani tsohon gini da ke titin Greenwich, unguwar Tribeca a New York. Ƙasan ginin ya dace da gidan abinci, kuma akwai wanda yake so ya riƙe masa kicin: Nobu Matsuhisa, ɗan Japan mai gidan abinci a Beverly Hills tun 1987.

Matsuhisa ya je New York, ya duba wurin, ya ce a'a. Yana da hujja. Ya taɓa buɗe gidan abinci a Alaska, gobara ta cinye shi cikin 'yan makonni ta bar shi da bashi, ga shi na Beverly Hills ɗin bai gama tsayawa da ƙafarsa ba. De Niro bai matsa masa ba. Ya haɗa kai da Drew Nieporent, gogagge a harkar gidajen abinci, suka buɗe Tribeca Grill a 1990, aka rataye zane-zanen mahaifin De Niro a bango. Sai bayan shekara huɗu ya sake neman kukun, aka buɗe gidan abincin Nobu na farko a 1994.

A nan ne ya sha bamban da taurarin da ke liƙa sunansu a ƙofa su zata shi ke nan. De Niro bai shiga kicin ba. Girki na Matsuhisa ne, ma'aikata da hidimar baƙi na Nieporent, shi kuwa nasa jari, wuri da jawo manyan mutane. Ko sunan gidan ma na kukun aka sa.

Abincin da ya ɗaga Nobu wani kifin teku ne mai maiƙo da ake jiƙawa a miso, wato waken suya da aka tsima, kamar dai daddawarmu a wajen ƙara ɗanɗano. Ana dafa miso da sukari da giyar shinkafa iri biyu (Musulmi ya lura da wannan), a riƙa juyawa don kada sukarin ya kama gindin tukunya. Sai haɗin ya huce sarai a shafe kifin, a sa a firji kwana biyu zuwa uku. Kafin gashi a share miso ɗin da hannu, kada a wanke. Idan aka bar shi da kauri, sukarin zai ƙone ya yi ɗaci alhali cikin kifin bai nuna ba. A fara gasa shi a wuta mai ƙarfi har ya yi ja, sannan a ƙarasa a oban kamar minti 10.

Shekara ɗaya bayan buɗewar, Matsuhisa ya fito a fim ɗin Casino na 1995 tare da De Niro, a matsayin attajiri ɗan caca. Mako mai zuwa za mu shiga batun otal ɗin Nobu na farko, wanda aka buɗe a Las Vegas a 2013.