Yadda na daina tsoron madubi

Ni tun ina ƙarama siririya ce, amma sai da na shiga jami'a abin ya fara damuna sosai. Kowa ya ganki sai yace kin rame, lafiya kuwa? Har na koma saka riga biyu a cikin hijabi dan in ɗan cika ido, kuma in za'a ɗauki hoto bayan lakca ni ce ke ɓuya a baya.

Wata ƙawata ta kawo min shawarar magungunan ƙara ƙibar nan da ake cewa sha ka fashe, wlh saura kaɗan in saya a kemis, sai wata 'yar ɗakinmu mai karatun haɗa magunguna tace min da yawansu dexamethasone ne a ciki, fuska ce kawai zata kumbura kiyi zaton ƙiba ce, ga shi yana hawar da suga da jini. Tace Yaya ki bari, zo mu dinga fita motsa jiki da safe.

Dariya nayi, nace wadda ke neman ƙiba me zai kaita gudu? Amma na bita. Bayan sallar asuba muke fita, tafiya mai sauri ta minti 30 sau biyar a sati, minti 150 kenan, wanda shi ne mafi ƙarancin abinda Hukumar Lafiya ta Duniya tace baligi ya dinga yi. Daga baya muka ƙara da tsallen igiya da ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a kowane hannu, lokacin hunturu ne ma, yatsu kamar zasu tsinke dan sanyi.

Kuskuren da nayi shi ne hawa sikeli kullum, duk ranar da allurar bata motsa ba sai in wuni cikin ɓacin rai, damuwar ma ta fi ta da. Da na bar sikelin ne na fara lura da sauran abubuwan, ina cin ƙosai da kunu in cinye tas, barci na zuwa da wuri, faɗuwar gaban da nakeyi kafin in shiga aji ta ragu sosai.

Ƙiba dai banyi wata ƙiba ba, har yau siririyar ce. Amma ranar da na hau bene hawa biyu da bokiti cike da ruwa ban ajiye ba ko sau ɗaya, naji wani daɗi da ban taɓa ji game da jikin nan ba. A satin na cire riga ta biyun na mayar da ita akwati.