Wata bakwai da bindiga mai kilo bakwai

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Ga inda na kwana a wata na bakwai da fara harbin faifan ƙarfe daga nesa, a wani filin atisaye da ke wajen gari a nan Texas.

Wanda ya bi ni tun farko ya san da bindigar farauta ta aro na fara, mai cin harsashin .308 (lambar kaurin harsashin ce a inci), nauyinta bai kai kilo huɗu ba. Daɗin ɗauka kam ba a magana. Amma da na taɓa kunama sai ta naushe ni a kafaɗa, bakinta ya yi sama, madubin hange ya bar faifan gaba ɗaya. Kafin in dawo da ido ƙura ta lafa. Na kuskure, amma ta dama ko ta hagu? Oho. Sai in juya in tambayi na kusa da ni, shi ma yana fama da tasa.

Yanzu ina da tawa, ta hannu na saya, ita ma .308 ce, mai kaurin bututu. Da madubi da ƙafafunta biyu na gaba na ɗora ta a sikelin gida, kilo bakwai da ɗoriya. Lissafin ba wuya: harsashi iri ɗaya, in ka ninka nauyin bindiga, ƙarfin naushin ya ragu da rabi. Ba ma sauƙin kafaɗar ne ya fi burge ni ba. Ranar Asabar da ta wuce na kwanta rub da ciki, faifai mai faɗin inci 12 yana yadi 600. Na harba, madubin ya ɗan girgiza ya tsaya, sai ga ƙura ta tashi a gefen dama, kamar taki ɗaya daga faifan. Da idona na gani. Harsashin yana ɗaukar ƙasa da daƙiƙa ɗaya kafin ya isa, kuma wannan ɗan lokacin ya ishi bindiga mai nauyi ta natsu. Na gyara saiti zuwa hagu, na sake. Faifan ya yi lilo, sai bayan daƙiƙa ɗaya da rabi ƙarar ta iso kunnena, ƙwal! Gani ya kori ji. A wata uku da na yi da bindigar aro ban koyi abin da na koya a wannan yinin ba, don da can harbi kawai nake yi, ban san abin da zan gyara ba.

Nauyin yana da nasa haraji. Daga mota zuwa layin harbi sai na sauya hannu sau biyu. A tsaye ba tare da madogara ba kuwa, daƙiƙa goma hannun hagu ya fara kaɗawa. Wanda niyyarsa bin barewa a daji kada ya bi sawuna. Masu gasa ma an yi musu iyaka: a gasar harbin nesa ta F-Class, rukunin F-TR da ake harba .308 ko .223 bai yarda bindiga ta wuce kilo 8.25 har da ƙafafunta ba, buɗaɗɗen rukuni kuma kilo 10.

To, sai maganar da ta hana ni barci, wato harsashi. Duk wanda ya leƙo ya ga kwanson .308 a gabana sai ya ce me nake jira ban koma harsashin 6.5 Creedmoor ba. Shi .308 Winchester tsohon hannu ne, tun 1952 yake kasuwa, ɗan uwan harsashin 7.62 na sojojin NATO. Shi kuwa 6.5 kamfanin Hornady ne ya fito da shi a 2007, musamman don masu gasa, aka raɗa masa sunan kamfanin Creedmoor Sports, sunan da ya samo asali daga tsohon filin harbi na Creedmoor da ke Long Island a New York, inda Amurkawa suka kara da 'yan Ireland a 1874. Harsashinsa siriri ne dogo, wajen giram 9, nawa kuma giram 11 da 'yan kai. Siririn ya fi ratsa iska, bai saurin rasa gudu, naushinsa kuma ya fi sauƙi.

Na saka su biyun a manhajar lissafi ta waya. A yadi 600, in iska tana bugowa daga gefe da gudun mil 10 a awa, nawa zai kauce da kusan inci 30, na 6.5 kusan 22. Kada inci takwas ɗin ya ruɗe ku, ai ana gyara saiti a biya shi. Inda gizo ke saƙar shi ne kuskuren kintace. In na ce iskar mil 10 ce alhali 12 ce, nawa ya tafi inci 6, daidai bakin faifan, ko ya taɓa ko ya wuce. Na 6.5 yana ciki da sauran wuri. Mu masu koyo kuwa kuskuren mil biyu abincinmu ne kullum. A yadi 1,000 ratar ta fi haka, don a nan .308 ya fara gajiya, gudunsa yana gangarowa kusa da gudun sauti.

Duk da haka ban sauya ba, kuma ba taurin kai ba ne. Wani dattijo da ke harbi kusa da ni, wanda ya cinye bututu ya fi a ƙirga, ya ce a abin da ya gani bututun 6.5 yakan fara watsa harsashi wajen harbi dubu biyu da ɗari biyar zuwa dubu uku, na .308 kuma yakan kai ninkin haka. Ni da nake buƙatar yawan harbi fiye da komai, wannan kuɗi ne. Harsashin .308 kuma babu shagon da za ka shiga ka rasa. Sannan gindin kwanson su biyun faɗinsa ɗaya ne, gidan harsashi ɗaya suke shiga, don haka ranar da na shirya bututu kawai maƙeri zai sauya mini, ba sai na sayi wata bindiga ba. Da wanda bai sayi komai ba zai tambaye ni yau, 6.5 zan ce masa, ba ko tantama. Ni da na riga na saya, sai na ga bayan wannan bututun.

Littafina ya nuna harbi 640 tun da ta zo hannuna. A yadi 100 harsashi biyar suna taruwa cikin inci ɗaya in na natsu, in na yi gaggawar jan kunama kuma na biyar ya fice shi kaɗai zuwa dama. Wannan laifin yatsana ne, ba na Winchester ba. Wata mai zuwa ba zan taɓa faifan yadi 800 ba. Zan zauna a 600, in rubuta kintacena na iska kafin kowane harbi, in duba tutar filin da yadda ciyawa ke kwanciya, sannan in gwada da inda ƙura ta tashi.