Ranar da Jirgin Nilu Ya Tafi Ya Bar Ni a Luksor

Wani ƙanena, ɗan baffana, ya kira ni makon jiya. Yana shirin kai amaryarsa Masar, kuma kamfanin da ke shirya masa tafiyar ya ajiye masa farashi biyu na jirgin shaƙatawa da ke bin Kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan. Na farko ɗaki ne da abinci kawai, in jirgi ya tsaya ka san inda dare ya yi maka. Na biyu ya haɗa da ɗan jagora da motar da za ta riƙa kwasarku zuwa wuraren tarihi. Ya ce, "Yaya, wanne zan ɗauka?" Dariya na fara yi masa, don duka biyun na gwada, kuma kowanne sai da ya dafa ni. Abin da na faɗa masa a waya shi ne nake so ku ma ƙannena ku ji, da ɗan ƙari.

Zuwana na farko a watan Nuwamba na 2023 ne. Wani aiki ya kai ni Alƙahira, na gama da wuri, sai na ce bari in ga abin da Fir'aunoni suka bari. Na biya kwana huɗu daga Luksor zuwa Aswan. Da mai sayar da tikitin ya kawo zancen ɗan jagora, na ɗaga masa hannu. Ni da na yi Islamiyya, na haddace nahawu, wa zai jagorance ni a ƙasar Larabawa? Ban san cewa Larabcin littafi daban, na bakin direban tasi a kudancin Masar daban ba. In na yi magana sai su yi murmushi kamar sun ji liman yana huɗuba, in suka mayar mini da amsa kuma rabi nake kamawa.

Ranar farko ta ƙara mini girman kai, don komai ya tafi daidai. Jirgin a Luksor zai kwana, ba wanda ke jirana. Na shiga Karnak, babban wurin bautar zamanin Fir'aunoni, da rana tsaka na zauna a zauren nan mai ginshiƙai 134, ina kallon ayari bayan ayari suna wucewa a guje a bayan mai riƙe da tuta, ina tausaya musu. Da yamma na gangara wurin bautar Luksor, na yi Magariba a Masallacin Abul Hajjaj da ke ɗare a kan ginin Fir'auna. An gina masallacin ne lokacin da ƙasa ta binne tsohon ginin, shi ya sa da aka tone, tsohuwar ƙofarsa ta koma can sama, ba mai iya shiga ta nan. Na daɗe a wurin har aka yi Isha'i. Ranar babu kuɗin da zan biya wani ya ba ni abin da ya fi wannan.

Kashegari ne aka yi ta. An manna takarda a wurin karɓar baƙi cewa jirgi zai tashi da ƙarfe ɗaya na rana. Na gani, na kuma karanta ta da idon ɗan Najeriya: ƙarfe ɗaya, wato wajen biyu da rabi. Na tsallaka yammacin kogi a jirgin fito na 'yan gari, na yi ciniki da mai tasi, muka nufi Kwarin Sarakuna, inda kaburburan Fir'aunoni sama da 60 suke, har da na Tutankamun da Howard Carter ya gano a 1922. A bakin taga aka ce mini ba a karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Katina na naira ya ƙi. Sai da na yi kusan minti arba'in ina neman wanda zai saka mini nasa in ba shi kuɗi a hannu, kuma wanda na samu bai yi don Allah ba. Tikitin na kaburbura uku ne, na Tutankamun kuɗinsa daban, na sake komawa layi. Daga nan na wuce wurin bautar Sarauniya Hatshefsut. A hanyar dawowa direban ya karkata da ni shagon masu sassaƙa farin dutse, wai na ɗan'uwansa ne, in sha shayi kawai. Kunya ta hana ni ƙi.

Ƙarfe biyu saura na iso gaɓa. Jiragen nan jere suke tsayawa gefe da gefe, sai ka ratsa ta cikin biyu ko uku kafin ka kai naka. Na ratsa na farko, na ratsa na biyu, na buɗe ƙofa ta uku sai ruwa. Kayana, fasfona, har da cajar waya duk suna ciki, sun kama hanyar garin Esna.

Ba zan ja ku da nisa ba. Na ɗauki shatar mota zuwa Edfu, tafiyar sama da kilomita 100, inda jirgin zai kwana. A kowane shingen 'yan sanda sai an tambayi baƙon nan waye, ina takardunsa, ni kuwa hoton fasfo kawai gare ni a wayar da ke shirin mutuwa. Kuɗin motar nan shi kaɗai ya haura abin da aka ce in biya na ɗan jagora na kwana huɗu gaba ɗaya. An je neman ƙiba an samo rama. Da na shiga jirgi da daddare, wani ma'aikaci ya gaya mini abin da ya kamata in sani tun farko: waɗanda suka fita da motar jirgi, ko sun makara ana jiransu, don ɗan jagoransu yana waya da matuƙi. Wanda ya fita da ƙafarsa kuwa, an ɗauka ya san abin da yake yi. Jirgin ma ba son ransa yake bi ba, yana da layin da zai kama a mashigar madatsar Esna, in ya rasa gurbinsa sai ya yi sa'o'i yana jira.

Wannan shi ne abu na farko da na gaya wa ƙanena. Kada ka tambayi kanka ko kai mai son yawo kai kaɗai ne ko mai son ayari. Ɗauki jadawalin jirgin ka duba kowace rana: yau zai kwana a nan, ko zai tashi? Ranar da zai tashi, bi motarsu. Ranar da zai kwana, ƙafarka taka ce.

Asara ta biyu ta fi ta farko ciwo, ko da yake ba ta da hayaniya. Abu Simbal, wurin bautar da Fir'auna Ramsis na Biyu ya sa aka sassaƙa a jikin dutse, shi na fi son gani a duk tafiyar. Yana kudu da Aswan da kusan kilomita 280, a cikin hamada, dab da iyakar Sudan, kuma jiragen Luksor da Aswan ba sa kaiwa can, Babbar Madatsar Aswan ta tare hanya. Mota ake bi, awa uku zuwa huɗu, ana tashi wajen ƙarfe huɗu na dare. Na bari sai daren ƙarshe, bayan Isha'i, na fita neman mota. Duk wanda na tambaya amsa ɗaya: an riga an miƙa sunayen fasinjojin gobe da kwafin fasfonsu ga hukuma, ba a ƙara mutum da tsakar dare. Jirgin sama na kuwa kashegari da yamma ne. Haka na bar Masar ban ga wurin ba.

A Janairun 2025 na koma, wannan karon da uwargida. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na sayi komai da komai: mota, ɗan jagora, tikiti, har wanda zai tare mu a tashar jirgin ƙasa bayan mun kwana a hanya daga Alƙahira. Muka fara daga Aswan, kwana uku zuwa Luksor, don mai bin ruwa ya fi mai haura shi sauri.

Abu Simbal ya biya kuɗinsa. An ɗauke mu cikin duhu, muka yi Asuba a wani wurin shan shayi a tsakiyar hamada, sanyi kamar na tsakiyar hunturu, ga shi ban zo da rigar sanyi ba don a tunanina Masar zafi ce kawai. Da muka zagayo bayan tudun muka ga gumaka huɗu na Ramsis na Biyu a zaune, kowanne kusan mita 20, uwargida ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta ce, "Yanzu mai wannan ma ya mutu?" Ɗan jagoran ya tsayar da mu a waje ya yi bayani, don ba a barinsu su yi jawabi a ciki. Shi ya nuna mana layukan yanka a jikin dutsen. Tsakanin 1964 da 1968, da taimakon UNESCO, aka yayyanka ginin gunduwa-gunduwa sama da 1,000, aka ɗaga shi mita 65 sama, aka ja shi baya kusan mita 200, don kada ruwan Tafkin Nasir, wanda Madatsar Aswan ta tara, ya cinye shi. An kuma daidaita shi yadda har yanzu rana ke ratsawa can ƙurya sau biyu a shekara, 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba. Da ni kaɗai ne, da na ɗauki hoto na tafi ban lura da ko layi ɗaya ba.

A Edfu ma na gode Allah da ɗan jagora. Daga gaɓa zuwa wurin bautar keken doki ake hawa, kuma cinikin da na sha da masu keken nan a zuwana na farko, ana yarjejeniya a kan kuɗi a sauka a ce na doki daban, ba na son uwargida ta gan ni a cikinsa. Haka wurin bautar Filae, da aka kwashe zuwa tsibirin Agilkiya: sai da kwale-kwale mai inji, kuma kuɗin na kwale-kwalen ne gaba ɗaya, in kai kaɗai ne kai za ka biya duka.

Amma sauran fa? Wurin bautar Kom Ombo a bakin ruwa yake, daga jirgi taku kaɗan ne, ga ɗakin ajiye busassun kadoji a gefe. Kuɗin rakiya a nan sadaka ce. Karnak ɗin da na yi wuni a ciki a 2023, wannan karon awa ɗaya da 'yan mintoci aka ba mu, ana tafa hannu ana "yalla, yalla". Daga nan aka zube mu a shagon turare kusan awa guda, aka rufe ƙofa, aka kawo shayi. Kashegari shagon takardar Fir'auna, wadda ake yi da ciyawar ruwa. Ba na zargin ɗan jagoran, kamasho yake samu a kan duk abin da aka saya, kuma a Kantin Kwari ma haka ake yi. Abin da ya ba ni haushi shi ne lokacin nawa ne, na biya shi da kuɗina, ake sayar wa mai shago. Na roƙi a tsaya minti goma in nuna wa uwargida Masallacin Abul Hajjaj, aka ce ba ya cikin tsari, mutum talatin ba za su jira mutum biyu ba. Gaskiyarsu ce kuwa.

Saboda haka kafin ka biya, ka yi tambaya har mai sayarwa ya gaji da kai, kuma ya rubuta maka amsar. Kuɗin shiga wuraren yana ciki ko a bakin ƙofa za ka biya? Abu Simbal yana ciki? Yawanci ba ya ciki, ƙari ne. Mutum nawa ne a motar? Da wane harshe ɗan jagoran zai yi magana, don in aka haɗa ka da ayarin Sifaniyawa ka biya kuɗin kallon baki. Shago nawa za a tsaya? Ka tanadi katin da ke aiki a waje, da ƙananan kuɗi na tukuici, wanda su ke kira baƙshish, don daga mai buɗe ƙofa har mai gadin kabari kowa hannu yake miƙawa. In kai ɗalibi ne ka ɗauki katin ɗalibai na ƙasa da ƙasa, ana rage kuɗin shiga da rabi. Farashin da wani ya gaya maka na shekarun baya kuwa kada ka yi lissafi da shi: a Maris na 2024 kaɗai dala ta tashi daga fam 31 zuwa kusan 50. Kuma duk ranar da za ka sauka kai kaɗai, fasfo a aljihu, lambar wayar jirgi a takarda, ka dawo awa guda kafin lokacin da aka rubuta.

Akwai kuma hanya ta uku da ban sani ba sai daga baya. Kana iya biyan ɗaki da abinci kawai, sannan ka ɗauki ɗan jagora mai lasisi na rana ɗaya ko biyu, ku kaɗai, a wuraren da ka zaɓa. In ku huɗu ne ko biyar kuka raba kuɗin, ba ya da nauyi, kuma kai ke cewa a tsaya ko a wuce.

Abin da ya fi daɗi a tafiya ta biyu ba ya cikin abin da na saya. Jirgin ƙasa ya kai mu Aswan kwana biyu kafin ranar shiga jirgin ruwa, don haka tikiti ya samu. Rana ɗaya ta tafi a Abu Simbal, ɗayar ba mu da kowa. Muka hau jirgin fito zuwa tsibirin Elefantin, muka bi lungunan Nubiyawa, mutane baƙaƙe kamar mu, har wata tsohuwa ta yi wa uwargida magana da yarensu tana zaton 'yar gida ce. Da yamma muka hau faluka, kwale-kwalen nan mai tafiya da iska, ba inji ba hayaniya. Daga nan kasuwa. Uwargida ta tsaya gaban wani buhu ta ce, "Malam, wannan ai zoɓo ne." Mai shagon ya ce karkade. Kusa da shi ga goruba a tule, suna ce mata dom, jiƙa ta suke yi su sha. Ta zauna a kan benci ta yi cinikin dabino da hannu da ido har mai shagon ya sallama, ni da nahawuna ina tsaye riƙe da leda.

Ƙanena ya saurara har na gama, sannan ya ce to shi kwana biyar kacal gare shi, ba shi da rarar kwana biyu. Na ce ya fara daga Aswan, ya tura kwafin fasfonsu tun yana gida a saka su a motar Abu Simbal, ya bi ayari a Edfu da yammacin Luksor, ya bar daren ƙarshe a Luksor babu kowa a kansu. Ya ce zai yi shawara da amarya. Na ce ya gaya mata ta saka rigar sanyi a jaka.